Rafukan Severn da Magothy ko tafkunan Eastern Shore: ina ya fi a nemi fikarel da kayak a hunturu?

Ɗan uwa, ka ce kana zaune kusa da Baltimore a jihar Maryland ta Amurka, ka sayi kayak bana, wato ɗan siririn kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili, kuma an gaya maka kifin fikarel ba ya daina cin ƙoto komai tsananin sanyi. Kana tambaya ko ka nufi rafukan da ruwan babban mashigin teku na Chesapeake ke cika yana janyewa, ko ka haye gada zuwa tafkunan Eastern Shore, wato yankin da ke gabashin mashigin. Kifin yana nan a duka biyun. Amma a hunturun farko ni tafki zan tura ka, rafi kuma sai ka tanadi kayan sanyi ka san halin iskar wurin.

Fikarel mafarauci ne mai kwanton ɓauna, dangin kifayen fayik da moski. Dogo ne siriri, jikinsa kore da zane kamar sarƙa, ga baƙin layi a ƙarƙashin ido. Haƙoransa kuwa, in ka taɓa cire ƙugiya daga bakin tsage a gida ka san abin da nake nufi. Yana laɓewa jikin ciyawa ko itacen da ya faɗa ruwa, ya tsaya cik, sai ƙaramin kifi ya gitta ya fizge shi. Saboda haka duk inda ka je, maɓoyarsa kake nema.

A tafki maɓoyar ba ta da wuyar ganewa. Unicorn, Tuckahoe, Smithville da Johnson's Pond na garin Salisbury duk ruwa ne da aka datse, yawancinsu marasa zurfi, ruwan daɗi zalla. Ruwan yau yana inda yake jiya. Ka ga kututture ko ragowar ganyen bado, ka jefa, ka jawo a hankali. In ka sami kifi a wani lungu yau, mako mai zuwa da wuya ka rasa wani a wurin. Gaɓa tana kusa ta kowane ɓangare, bishiyoyi suna kare maka iska, kuma sau da yawa wasu kifaye, bas ko kirafi, kan faɗo maka a tsakani. Matsalarsa biyu. Ta farko, ruwan daɗi mara motsi shi ke fara daskarewa, dare biyu ko uku na sanyi mai tsanani sun isa ka tarar da ƙanƙara ta rufe mashiga. Ta biyu tafiya ce: ka bi hanya ta 50, ka biya kuɗin gadar Bay da ta ƙetare Chesapeake, kuma ranar iska hawa gadar nan da kayak ɗaure a kan mota ba abin wasa ba ne.

Rafi wani abu ne daban, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kogin Severn yana wucewa ta Annapolis, Magothy yana arewa da shi kaɗan, duka biyun ƙasa da tafiyar awa ɗaya daga Baltimore. Kowannensu yana da ƙananan rafuka masu kutsawa cikin unguwanni, irin su Weems a Severn da Cattail a Magothy. Ruwansu zartsi ne, shi ya sa fikarel ke taruwa can sama inda ruwan daɗi ke shigowa. Shekarar fari gishiri yana hawowa ya tura su ƙurya. Shekarar ruwa mai yawa, kamar 2018 da Baltimore ta sami ruwan saman da ba a taɓa rubuta irinsa ba, gishirin yana raguwa, kifin ya sami filin bazuwa. Ciyawar ƙarƙashin ruwa tana mutuwa da sanyi, sai kifin ya koma jikin itatuwan da suka faɗi da turakun gadojin katako da masu gidaje ke ɗaure jiragensu. A nan kayak ya fi jirgi mai inji nesa ba kusa ba: kana iya zamewa tsakanin turaku ba ƙara, ka ajiye ƙoto daidai ƙarƙashin katako.

Ruwan yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, amma a Annapolis bambancin bai wuce kamar ƙafa ɗaya ba. Na fi son lokacin da ya fara janyewa, domin ƙananan kifi suna barin bakin gaɓa dole, fikarel kuma yana jiransu a inda ƙasa ta fara gangarawa. Sai dai kada ka dogara da jadawalin cika da janyewa shi kaɗai. Iskar arewa maso yamma, wadda ke biyo bayan kowace guguwar sanyi, tana tura ruwan Chesapeake waje, ya ragu ko'ina. Sai ka zo ka tarar inda ake tura kayak ya zama laka baƙa mai nutsar da ƙafa har gwiwa, maɓoyar kifin duk tana waje a bushe. Kuma iskar da ba ka ji a cikin rafi, da zarar ka fito babban kogi sai ta tare ka gaba da gaba. Wanda ya shiga daga wurin shaƙatawa na Jonas Green dole ya ratsa buɗaɗɗen ruwa kafin ya kai kowane rafi. Mashigar titin Tucker kuwa tana cikin Weems kai tsaye, shi ya sa na fi ba sabon shiga shawararta.

Kayan fatsa kusan ɗaya ne a wuraren biyu. Ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, a ƙarƙashin ɗan abin da ke yawo a saman ruwa, shi ya fi kamu ranar da ruwa ya yi sanyi ƙarara. Kifin roba mai wutsiya na inci 3 zuwa 4, ko ɗan ƙarfe mai juyawa yana walƙiya, sun fi saurin share wuri. Ka ja, ka dakata, ka sake ja. Yawancin cizon a dakatawar yake zuwa. Ka ƙulla guntun zaren fatsa mai tauri, irin na fulorokabon, mai ƙarfin fam 20 zuwa 30 a gaba, in ba haka ba haƙora za su yanke maka. Da la'asar ka nemi gaɓar da rana ta wuni tana duka, ruwanta ya fi ɗumi kaɗan.

Doka ce ta bambanta, a nan mutane ke shiga matsala. Lasisin tafki daban, na Chesapeake daban. A duka biyun ba a riƙe fikarel da bai kai inci 14 ba. A rafukan cika da janyewa iyakarka 10 a rana, kuma an hana riƙe shi daga 15 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu saboda lokacin ƙwai. A tafki iyakarka 5, ba lokacin rufewa. Ka duba littafin hukumar albarkatun ƙasa ta Maryland na shekarar kafin ka fita.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce tafki tukuna. A Janairu ruwan nan yana sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyos. Gordon Giesbrecht, masanin Kanada da ya yi fice a binciken faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 kana fama da numfashi, minti 10 hannu da ƙafa suna aiki, sannan kamar awa 1 kafin ka suma, in akwai rigar ceto a jikinka. Minti 10 ɗin nan su ne komai. A tafki ƙila su kai ka gaɓa. A tsakiyar Severn, iska tana tura kayak gaba, ba za su kai ka ba. Don Allah kada ka shiga ko ɗaya da jins da rigar sanyi ta auduga. Ka nemi rigar nan mai rufe jiki duka, mai roba a wuya da wuyan hannu, wadda ruwa ba ya ratsawa, ka sa kayan ulu a ciki, rigar ceto a ɗaure, usur a jikinta, waya a jakar da ba ta jiƙewa. Ta yi tsada, na sani, wani lokaci ta fi kayak ɗin kanta. In kuɗinta bai samu ba bana, ka yi fatsa daga gaɓa, fikarel yana kamuwa a haka. Kuma ka tafi da abokin tafiya, ka gaya wa iyali inda kake da lokacin dawowa.

In ka kama, ka bar shi cikin koma a ruwa, ka cire ƙugiya da doguwar filaya, kada yatsa ya kusanci bakin. Ni ina danne ƙayar ƙugiya tun a gida don ta fita da sauƙi. Namansa fari ne mai daɗi amma ƙananan ƙayoyi sun yi masa yawa, shi ya sa yawancinmu muke ɗaukar hoto mu sake shi, musamman manyan mata masu ƙwai a Fabrairu. Ka fara da Unicorn ko Tuckahoe ranar da iska ta kwanta. Idan hannunka ya faɗa kuma rigar ta samu, sai ka gwada Weems daga titin Tucker. Allah ya tsare.