Adda, ga yadda ake rufe albaras a Manchesta

Assalamu alaikum, Adda. Ya gida, ya Inna da ƙafar tata, ya kuka ji da zafin Bauchi? Na ga hotunan 'yata da kika turo, na kuma saurari saƙonki cewa in saya mata irin abin da nake shafawa in bayar a kawo kafin biki. Zan aiko in sha Allahu, amma bari in yi miki bayanin yadda abin yake a nan tukuna, don kada ki ɗora rai a kan kwalba guda.

Ki fara kwantar wa yarinyar nan da hankali. Abin da ke gefen bakinta da yatsunta irin nawa ne, albaras ɗin da likitoci ke kira bitiligo. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke ba fata launi, sai wurin ya yi fari. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka a kwanon abinci ko a musabaha, kuma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da shi. Masu cewa sammu ne, ki bar su da Allah.

Abin da ya fi burge ni a ƙasar nan ba kayan ba ne, mutumin da ke zama da ke ne. Akwai wata ƙungiyar agaji, Changing Faces, wadda ta karɓi wannan aiki daga hannun Red Cross ta Birtaniya a 2011. Kyauta suke yi. Za a ba ki lokaci, ki je ki zauna wajen awa guda da wata wadda aka horar, gabanta faranti cike da launuka. Wadda ta duba ni ta ja kujerata bakin taga, ta ce hasken lantarki maƙaryaci ne. Ta riƙa ɗiga launi kaɗan-kaɗan a haɓata tana gogewa, har ta haɗa biyu suka ba da nawa. A ƙarshe ta rubuta suna da lambar kowanne a takarda, na kai wa likitan unguwa ya rubuta mini su a matsayin magani. A Ingila fam 9.90 ake biya a kan kowane abu guda da likita ya rubuta, a Sukotland da Wales kuwa ko sisi. Irin su Dermacolor, Keromask, Covermark da Veil ake bayarwa. Ba hodar kwalliya ba ce irin ta amare, man ne mai kauri a 'yar ƙaramar roba, ɗan lakuce kaɗan ya isa fuska.

Ga sirrin da na so a ce na sani tun ina gida. In kika ɗora launin fatarmu kai tsaye a kan farin wuri, toka-toka yake fitowa, kamar wadda ta dawo daga injin niƙa. Sai an fara shimfiɗa wani launi mai ja-ja, tsakanin ruwan goro da jar ƙasa, a kan farin kaɗai, sannan a bi da launin fata a sama. Da kan yatsa ake dannawa a hankali, ba murzawa ba, a ɗan zarce iyakar tabon don kada layi ya fito. Daga nan a zuba hoda marar launi da yawa, a bar ta minti 10, a kaɗe da burushi mai taushi. Hukumar lafiyarsu ta NHS ta ce yana kai awa 12 zuwa 18 a fuska, a jiki kuma har kwana 4. Ni dai ina ganin wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A watan Afrilun Bauchi, ana wajen digiri 40, ga hayaƙin murhu ga gumin gidan biki, ki rage da yawa. Kuma gefen farin hijabi ba ya tsira, ta sa mai duhu ranar.

Matar da ta duba ni tana ta yaba mini cewa ruwa ba ya wanke shi, har iyo ana yi da shi. Ni kuwa alwala ce ta faɗo mini a rai. Abin da yake alfaharinsu a nan, mu a wurinmu tambaya ce. Yadda nake yi, sai na yi alwala nake shafawa, in ta karye in goge da man zaitun in sake. Wahala ce, musamman a wurin aiki. Don hannu na koma wani ruwa mai sinadarin DHA, wanda Turawa ke shafawa don su yi duhu. Shi rina saman fata yake yi, ya yi kwanaki kafin ya koɗe, sai dai launinsa bai cika kai duhun namu ba. Hukuncin duka biyun ki tambayi malamin Islamiyyarku, ni ba zan yi fatawa daga Manchesta ba.

Kada ki ɗauka komai na nan ya fi. Ganin likitan fata a asibitin gwamnati sai an yi watanni ana jiran wasiƙa, alhali a gida in kina da kuɗin kati kina iya ganin likita cikin mako. Kantunan kwalliya na unguwannin Turawa kuwa, launin masu duhu yakan tsaya a biyu ko uku a ƙarshen kanta, duk da an samu sauƙi tun da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayan kwalliyarta na Fenty masu launi 40 a 2017 sauran kamfanoni suka bi sahu. Man kaɗanyar da Inna ke saya a Muda Lawal da 'yan canji, a nan cikin 'yar kwalba yake da tsadar da za ki riƙe baki. Hannu kuma, wallahi 'yan matan da ke yi wa amare kwalliya a Bauchi ba su da na biyu wajen sanin baƙar fata. Abin da suka rasa shi ne kaya na gaskiya da wanda zai nuna musu wancan shimfiɗin na farko. Na tuna robar da na taɓa saya a wani shago a gida da sunan ta waje ce, kafin azahar ta narke ta gangaro mini wuya.

Abu uku nake roƙonki. Kada kowa ya ba ta man bilicin da sunan a daidaita launi, wasu sinadaransa da kansu suna haddasa farin tabo. A nisanta ta da baƙin lallen nan na dayis, akwai wani sinadari mai suna PPD a ciki, yana ƙona fata, kuma ga mai albaras duk inda fata ta ji rauni sabon fari na iya tsirowa a wurin. Haka tsaga da dirza da soson ƙarfe. Lallen gargajiya na ganye ya wadatar, yana ma rufe farin yatsu da kyau. Sannan farin wurin ba shi da kariya daga rana, man rana mai lamba 50 wajibi ne, shi ma zan sa a kayan. Ki kai ta asibitin koyarwa na ATBU ta nemi ganin likitan fata, don akwai mayukan magani da kan dawo da launi, musamman a fuska in an fara da wuri. Kwalliya rufi kawai take yi.

Ki kuma tambaye ta ko ita ma tana son rufewar, ko mu ne muke so mata. A nan na ga Winnie Harlow, 'yar Kanada mai tallan kaya, a manyan alluna da tabonta a fili. Ranar albaras ta duniya ma, 25 ga Yuni, wata 'yar Najeriya ce, Ogo Maduewesi, ta assasa ta a Legas a 2011. Ni kaina ranar da ba ni da aiki haka nake fita kasuwa.

Launi ba ya zaɓuwa ta hoton waya, kowace waya da irin ƙaryarta. Don haka ƙananan robobi zan aiko masu launi daban-daban, da mai ja-jan, da hodar. Ki kira mai kwalliyar da za ta yi mata ta biki, su zauna a tsakar gida da hantsi su gwada a gefen muƙamuƙi, ni kuma ina kan bidiyo. Lambar da ta dace ki rubuto mini, sai in sayi babbar roba in ba masu tahowa hutun ƙarshen shekara. A gaida Inna da Baban su yara.