Sharhi kan gyaran hitar tsohuwar Hilux a Magazin na Suame

Motata Toyota Hilux ce ƙirar farkon shekarun 1990, mai injin dizal 3L mai silinda huɗu, kuma da ita nake ɗauko masara daga Ejura da doya daga Techiman zuwa Kumasi. Da shigowar hunturun bana sai ta fara ƙin tashi da asuba. Sitata za ta yi ta juya injin har batir ya soma gajiya, farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal yana tuɗaɗowa daga salansa, idan kuma ta kama sai ta yi ta karkarwa na ɗan lokaci kafin ta daidaita. Da rana kuwa, matuƙar injin ya ɗauki zafi, kik ɗaya take tashi. Waɗanda na fara nuna wa a unguwa sun rarrabu, wani ya ce batir ne, wani ya ce sitata, wani ma ya ce babu makawa sai an sauke inji an sa sabbin ringi. A ƙarshe wani direba maƙwabcina a Aboabo ya haɗa ni da wani mai wayarin ɗin mota a Magazin na Suame, unguwar makanikai da ke Kumasi, kuma aikin wannan bawan Allah nake so in yi wa sharhi.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyinsa. Ya tambayi launin hayaƙin, da lokacin da matsalar take zuwa, da ko motar tana shan baƙin mai. Da na ce masa ai fitilar hita, wato abin da ke ɗumama injin dizal kafin a tayar da shi, tana kamawa a dashbod, sai ya ce, "Alhaji, wannan fitilar tana gaya maka an ba da umarni ne kawai, ba ta gaya maka ko an bi umarnin ba. Bari mu auna tukuna."

Akwai maganar da ake yawan yi a tasha cewa ƙasar zafi irin Gana ba ta buƙatar hita, wai don ƙasashen ƙanƙara aka yi ta. Wannan magana ba ta shafi irin injinmu ba. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, zafin iskar da fistin ya matse shi ne yake kunna man. A tsofaffin injuna irin 3L, da na Hyundai H100 da Kia K2700 da suka cika hanyoyinmu, nozil yana fesa man ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan injin, kuma idan ƙarfen wurin ya kwana ya yi sanyi, shi ne yake shanye zafin iskar kafin man ya kama. Fulogin hita yana zaune a cikin wannan ɗakin, bakinsa yana ɗaukar zafin da ya wuce digiri 800 cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sabon inji mai matsi sosai yana iya daurewa ya tashi ba tare da shi ba, amma wanda ya haura shekara talatin yana aiki, ko sanyin asubar Janairu a Kumasi ya isa ya hana shi.

Ya sa yaronsa ya cire siririn ƙarfen da ya haɗa kawunan fulogogin huɗu, domin idan ba a raba su ba, mai rai ɗaya zai rufa wa matattun asiri a wurin awo. Sannan ya maƙala fitilar gwaji a kan jan bakin batir, yana taɓa kan kowane fulogi da tsinin. A na farko ta kama, a sauran ukun ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko mita ya nuna mini cewa mai ran yana karanta ƙasa da om ɗaya, matattun kuwa babu hanyar wuta a cikinsu sam. Ke nan silinda ɗaya ce take ƙoƙarin tayar da injin kowace asuba.

Mafi yawan masu gyara a nan za su tsaya, su sa sabbi su karɓi kuɗi. Shi kuwa ya ce fulogi uku ba sa mutuwa tare haka kawai. Da ya goge jikin ɗaya sai ga lambar volt 7 a rubuce. Ya bayyana mini cewa Toyota ta yi wannan injin da tsari iri biyu: akwai mai fulogin volt 11, akwai kuma mai saurin ɗumama wanda yake amfani da fulogin ƙaramin volt, inda wata na'urar ƙidayar lokaci take ba shi cikakkiyar wutar batir na ɗan taƙaitaccen lokaci, sannan rile (makunnin da wuta ke sarrafa shi) na biyu ya rage wutar. A motata, tun kafin ta zo hannuna wani ya tsallake wannan na'urar, ya ja waya kai tsaye zuwa wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, babu ko fiyus a tsakani. Duk lokacin da aka danne maɓallin aka daɗe, volt 12 ne yake shiga fulogin da ba a yi shi don jure haka ba. Ban da ƙona fulogi, irin wannan wayar tana iya tayar da gobara.

Cire tsofaffin ya ci lokaci, kuma a nan na ga haƙurinsa. Na silinda ta uku ya kumbura a baki ya ƙi fitowa. Ya sa aka tura motar ta tashi, ya bar injin ya yi zafi, ya zuba man sassauta tsatsa, yana juyawa kaɗan gaba kaɗan baya da hannu, ya hana yaronsa sa dogon ƙarfe a kan sifanar. Ya ce idan bakin ya karye ya faɗa ciki, sai an ɗaga kan injin gaba ɗaya. Da ya fito, bakin a cinye yake, abin da ya sa ya yi zargin nozil ɗin wurin yana ɗiga a maimakon fesawa. Ya tura ni wurin masu famfo a layin gaba, suka gwada a injin awonsu, kuma zarginsa ya tabbata.

Wajen sayen kaya ya ba ni zaɓi tsakanin neman na'urar lokaci ta hom-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda babu mai tabbatar da lafiyarta, da barin maɓallin amma a gyara tsarin. Na zaɓi na biyu. Ya sa fulogin NGK na volt 11 guda huɗu, da sabon rile mai ɗaukar wuta mai nauyi, da fiyus kusa da batir, da waya mai kauri. Kafin ya ɗaura, ya gwada kowanne a kan batir a gabana, na ga yadda jan yake farawa daga ƙarshen baki ya zama kamar garwashi. Ya ce wanda ya fara ja daga tsakiya a mayar wa mai shago, domin jabu sun yi yawa a kasuwa, har da kwalayensu masu kyau. Ya kuma gargaɗe ni da kada in bari kowa ya kanga tsumman fetur a bakin iska don tayar da ita, saboda fetur yana iya kamawa kafin lokaci idan ya tarar da hita da zafi, ya fasa ringi ko ya tsaga kan injin.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Bai faɗi kuɗin aikinsa ba sai da aka gama, kuma ko da yake jimillar kuɗin ba ta kai ko kusa da abin da sauke inji zai ci ba, ya kamata mai mota ya san inda ya dosa tun farko. Babu rasit a rubuce, alƙawarin da ya yi na sake dubawa kyauta magana ce ta baki. Wurin ba shi da inuwar zama, kuma yana barin aikinka ya je ya duba wata motar ya dawo, don haka wanda yake da lodi a ranar kada ya je. Tsarin maɓallin ma yana da nasa naƙasu, domin na asali yana ci gaba da ɗumama fulogin bayan injin ya tashi, wannan kuwa da ka saki ya yanke, shi ya sa har yanzu takan ɗan yi rawa a minti na farko.

Yanzu ina danna maɓallin kimanin daƙiƙa goma kamar yadda ya ce, in murɗa makulli, ta tashi nan take, har a safiyar da ta kwana a waje a Techiman cikin iskar hunturu, kuma farin hayaƙin ya ragu ƙwarai. Duk mai irin wannan motar da zai kai ta, ya yi ƙoƙari ya kai ta da yamma ta kwana a wurin, domin a gwada ta da sassafe injin yana da sanyi, ya kuma nemi a karanta masa lambar volt da ke jikin tsohon fulogin kafin a aika yaro shago.