Hoton ƙwaƙwalwa ko ganin likita: wanne za a fara biya wa sojan da ya dawo da firgici?

A nan Damagaram akwai gidajen da ɗansu ya yi aiki a Diffa, wasu tun harin Bosso na 2015, ya dawo ba rauni a jiki amma barci ya gagare shi. Taya ta fashe a bakin tasha, sai ka ga ya zube ƙasa. A majalisa ba ya zama sai ya ba bango baya, idonsa a kan ƙofa. Dangi kan ce a kai shi a yi masa hoton kai. Kafin a sayar da rago a kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900, a san abin da kowane hoto yake iya nunawa.

Sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, tana ganin jini da ya taru a kai da fashewar ƙashi. In nakiya ta taɓa tashi da motarsa, ko yana ciwon kai da amai da suma, likita zai iya neman ta. Firgici kuwa ba ta ganin sa. EEG ma, wato awon motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, na binciken farfaɗiya ne.

IRM, hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da maganaɗisu, ita ta fi jan mutane, kuma a nan nake so a yi hattara. Gaskiya ne a 1995 masana a Amurka sun auna tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam masu wannan ciwo, suka ga hipokampus, sashen da ke riƙe tuni, ya ɗan fi ƙanƙanta. Wasu binciken sun nuna amigdala, cibiyar tsoro, tana saurin tashi. Amma wannan bambanci sai an tara mutane da yawa an kwatanta yake fitowa. A 2002 an duba tagwayen da ɗaya ya je yaƙi ya kamu da ciwon, aka tarar ɗan'uwan da bai taɓa zuwa yaƙi ba shi ma hipokampus ɗinsa ƙarami ne. Ke nan hoton mutum ɗaya ba zai ce yana da ciwon ba, balle ya auna nauyinsa. Sau da yawa takarda za ta fito lafiya lau, dangi su ce ai ba komai, shi kuma ya ci gaba da shan wuyarsa shi kaɗai. Ga haɗari kuma: IRM babban maganaɗisu ne, duk mai ɓurɓushin harsashi ko ƙarfe a jiki dole ya faɗa kafin ya shiga.

Abin da ke gano ciwon shi ne zama da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai tambayoyi 20 da ake kira PCL-5, da wata hira mai zurfi, CAPS-5. Ana duba mugun mafarki, da gudun duk abin da ke tuna masa, da yawan zabura, in sun wuce wata ɗaya. Ni a ganina kuɗin farko nan ya kamata ya tafi. A fara tambaya a babban asibitin Zinder, ko wajen likitan soja in har yanzu yana aiki, kuma matarsa ko mahaifiyarsa ta raka shi, don su suka san yadda darensa yake.

Ragowar kuɗin a ajiye wa magani, don ba na rana ɗaya ba ne. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinyar tattaunawa da ake fuskantar abin da ya faru sannu a hankali, da kuma EMDR, wata jinya da ake tuna abin ana motsa idanu. Likita kan rubuta sertraline ko paroxetine. Diazepam da tramadol na masu talla a kasuwa kuwa, don Allah a nisanta shi da su: suna kama jiki, kuma ba sa warkar da wannan ciwo.