Freya ta God of War da Freyja ta tsohon labari: mace ɗaya ce?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Freyar da ka gani a wasan bidiyo na God of War ita ce wadda mutanen Arewacin Turai na da suke ɗauka allahiyar soyayya, tunda ba ka ga komai a tare da ita ba sai fushi da hawaye. Suna ɗaya ne, amma mata biyu masu wasan suka narka suka zuba a jiki guda.

Ta asalin, yawancin labarinta ya zo ne daga tsofaffin waƙoƙin Iceland da littafin Edda da Snorri Sturluson ya rubuta wajen 1220. 'Yar Njord ce, 'yar'uwar Freyr, daga zuriyar alloli ta Vanir. Kyanwowi biyu ke jan karusarta, tana da sarƙar wuya mai suna Brisingamen da rigar gashin shaho da ake tashi sama da ita. Mijinta Od matafiyi ne, idan ya yi nisa sai ta yi ta kuka, hawayenta na zama jan zinariya. Amma kada ka ɗauke ta raguwa: rabin waɗanda suka faɗi a fagen fama nata ne, suna zuwa filinta Folkvang, sauran rabin na Odin, shugaban alloli. Da basamuden nan Thrym ya sace gudumar Thor, allahn tsawa, ya ce sai an ba shi ita aure, fushin da ta yi har sarƙarta ta faɗi, dole Thor ya sa kayan amarya ya tafi a madadinta.

Ita kuwa ta wasan, wanda Santa Monica Studio suka fitar a 2018, tsohuwar matar Odin ce kuma uwar Baldur. A tsohon labari matsayin matar Odin kuma uwar Baldur na Frigg ne, wata mace daban. Frigg ce ta bi komai na duniya ta sa ya yi rantsuwa ba zai cutar da ɗanta ba, ta raina kauci ta tsallake shi, kuma da shi aka kashe Baldur. Masu wasan suka mai da Frigg sunan da Odin ke kiran Freya da shi kawai.

Nan ne ni abin ya kama ni. Freya ta dafa ɗanta irin dahuwar 'yan tauri, ƙarfe ba ya cin sa, sai dai asirin ya tafi da duk wani ji: ba zafi, ba sanyi, ba ɗanɗanon abinci. Ya tsane ta a kan haka. Da kauci ya karya asirin, ya shaƙe ta, ita kuma ta miƙa wuya, ta gwammace ta mutu ya rayu. Kratos, jarumin wasan, ya karya masa wuya don ya cece ta, ta rungumi gawar tana yi masa alwashin ramuwa. To ka ga soyayyar tana nan, an ɗauke ta ne daga begen miji an mai da ita son uwa da ya wuce gona da iri. Ban taɓa kallon wurin nan zuciyata ba ta yi nauyi ba.

Abin da na ji haushi shi ne an rage mata 'yancinta. Ta asalin ba mai juya ta, ta wasan kuwa Odin ya kulle ta a Midgard, duniyar mutane, ya hana ta ɗaukar makami, tana zaune a ƙarƙashin wani ƙaton kunkuru. Sai a Ragnarök, ci gaban wasan da ya fito a 2022, ta warware ɗaurin a Vanaheim, ƙasar zuriyar Vanir, ta sake ganin Freyr.

Sihirin dai sun riƙe shi daidai, don Snorri ya ce ita ta koya wa zuriyar Odin tsafin seid. Aladen dajin nan ma da Atreus, ɗan Kratos, ya harba da kibiya a farkon wasan 2018, Hildisvini ne, wanda take hawa a tsohuwar waƙa.