Birkin motar tsere: yadda na same shi a Jamus da Ingila

Ƙanena, ka tambaye ni kayan birkin da masu shiga filin tsere don nishaɗi ke sawa a nan. Gaskiya mafi yawansu ba sa taɓa manyan kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) masu jan fenti irin na kamfanin Brembo da kake gani a hoto. Da man birki suke farawa.

Dalili kuwa zafi ne. A Nürburgring, filin tsere da ke Jamus, zagaye ɗaya na tsohuwar hanyar ya kai kilomita 20.8, ga gangara ga kwana. Man birki yana shan danshi a hankali. Man birki ajin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 ko fiye, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155. Da ya tafasa sai iska ta cika tiyo, ka taka feda ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta san kana yi ba. Na tsaya kusa da wata mota da ta fito daga filin, hayaƙi na tashi daga tayar gaba, faifan birkin ya yi shuɗi, direban ya kasa magana. Shi ya sa suke zuba irin su Motul RBF 600 ko Castrol SRF, kuma suna yawan canzawa. DOT 5 kuwa ba a haɗa shi da sauran, ka kiyaye.

Daga nan sai fad, wato takalmin birki da ke gogar faifai. Pagid ɗan Jamus ne, EBC ɗan Ingila, ga kuma Ferodo DS2500 da mutane da yawa ke so don yana tafiya titi da fili. Fad ɗin tsere zalla ba ya kamawa sosai sai ya ɗumama, ga ƙara ga ƙura, ni ba na ba wanda ke kai yara makaranta shawarar sa shi.

Inda ƙasashen biyu suka rabu shi ne takarda. A Jamus, in ka sa babban birki ko tiyo mai saƙar ƙarfe, sai kayan sun zo da takardar amincewa, wani lokaci har sai injiniyan TÜV, masu duba lafiyar mota, ya duba an shigar a takardun mota. A Ingila sauƙi ya fi yawa: ka sanar da kamfanin inshora, motar ta ci gwajin lafiyar mota na shekara da ake kira MOT. Amma ni hankalina ya fi kwanciya da tsarin Jamus, domin wani ya duba aikin kafin a hau titi da shi.