Shinge ko Murfi: Wanne Ya Fi Tsare Yaro Daga Tafkin Ninkaya na Gida?

Duk wanda yake da tafkin ninkaya a gidansa, kuma yake da yaron da ya fara tafiya, tilas wata rana ya yanke shawara tsakanin abubuwa biyu: ya kewaye tafkin da shinge, ko ya saya masa murfin da ake rufe ruwan da shi. Kafin a kai ga zaɓi, ya kamata a san yadda ƙaramin yaro ke nutsewa. Ba ya ihu, ba ya bugun ruwa yadda za a jiyo daga ɗaki, kafin ƙiftawa da bismilla ya yi ƙasa. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta ce nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma sau da yawa hakan na faruwa ne a lokacin da babu wanda ya yi niyyar shiga ruwa.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga shinge, domin yana aikinsa ko an tuna da shi ko an manta. Sai dai ba kowane shinge ake nufi ba. Wanda yake da amfani shi ne wanda ya raba tafkin da gidan ta kowane ɓangare huɗu, ba wanda ya jingina da bangon gida har ƙofar falo ta zama hanyar zuwa ruwa ba. Wani nazari na cibiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance binciken kiwon lafiya, ya nuna cewa shinge mai ɓangare huɗu yana rage haɗarin nutsewar yaro da kusan kashi 83 cikin ɗari idan aka kwatanta shi da mai ɓangare uku. Ƙa'idojin Amurka da na Ostireliya sun yi daidai a kan tsayin da bai gaza mita 1.2 ba, da tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba tsakanin sanduna, yadda yaro ba zai kurɗa ba. A guji sandunan kwance a waje, domin tsani ne aka kafa wa yaro.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofa. Dole ta kasance mai rufe kanta, mai sakata da ke kamawa da kanta, tana buɗewa zuwa waje, kuma sakatar tana sama kimanin mita 1.5. Duk da haka, babu ƙofar da ta fi ƙarfin babban mutumin da ya tokare ta da bokiti don ya shiga da kaya, ya tafi ya bar ta a haka. Kujerar roba da aka bari a gindin shinge ma ta isa, domin ɗan shekara uku yana iya janta, ya hau, ya miƙa hannu.

Murfi kuwa iri-iri ne, kuma a nan ake yawan yaudarar mai saye. Ledar nan mai kumfa-kumfa da ake shimfiɗawa a kan ruwa don riƙe ɗumi ba kariya ba ce ko kaɗan. Hasali ma ta fi buɗaɗɗen ruwa haɗari, domin yaro yana ganinta kamar daɓe, ya taka, ya zurma ƙarƙashinta inda ba za a hango shi ba. Murfin kariya na gaskiya ana ɗaure shi da ƙugiyoyin da aka kafa a daɓen bakin tafki, ko kuma yana tafiya a kan layi da inji. A nemi wanda ya cika ƙa'idar ASTM F1346, wato ma'aunin ingancin murfin tafki na Amurka, wadda ta tanadi cewa murfin babban tafki ya iya ɗaukar nauyin kusan kilo 220, wato manya biyu da yaro ɗaya, saboda masu ceto su iya takawa a kai. Murfi mai raga yana barin ruwan sama ya tsiyaye ciki, amma wanda ba ya da huda yana tara ruwa a bayansa, kuma in ba a zuƙe shi da famfo ba, wannan ɗan kududdufin kansa ya isa ya halaka jariri.

Murfi yana da fa'idodin da shinge ba shi da su: yana hana ganye da ƙura, yana rage tsotsewar ruwa da ɓarnar kulorin (sinadarin da ake tsabtace ruwa da shi), kuma ba ya tare wa mutum gani. Rauninsa ɗaya ne, amma babba ne, wato ba ya tsare kowa sai a rufe. Wanda ake ɗaurewa da hannu yana cin lokaci da ƙarfi, don haka a lokacin zafi, da ake shiga ruwa safe da yamma, gidaje da yawa kan bar shi a naɗe. Mai inji ya sauƙaƙa wannan, tunda murɗa makulli kawai ake yi, sai dai ya fi tsada, yana son gyara a kai a kai, kuma ranar da wuta ta ɗauke ko injin ya tsaya, rufe shi kan zama aiki.

A kuma duba dokar inda ake zaune. Faransa, tun dokar 2003, ta yarda mai tafki ya zaɓi ɗaya daga cikin shinge, murfi, ƙararrawa ko rumfar da ke rufe tafkin, yayin da jihohin Ostireliya suka wajabta shinge.

Saboda haka, wanda kuɗinsa bai wuce na abu ɗaya ba, kuma yake da yara ƙasa da shekara 5 ko irinsu masu kawo masa ziyara, ya fara da shinge, murfi ya biyo baya idan hali ya samu. Wanda farfajiyarsa ta yi ƙunci har shinge ba zai shiga ba, ya ɗauki murfi mai inji, ya ajiye makullin inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ranar da aka gama kafa shingen, kafin a sallami ma'aikaci, a buɗe ƙofar kamar faɗin tafin hannu kawai a sake ta. Idan sakatar ba ta kama da kanta ba, a ce ya sake daidaita ta nan take.