Jirgin Sakkwato zuwa Abuja: tafiya ba laifi, shirun kamfani ne matsala

Daga Sakkwato zuwa Abuja a jirgi kamar awa ɗaya ce. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau, Funtuwa da Zariya a mota, wuni guda cur ga zullumin 'yan bindiga, ba zai tsaya dogon ciniki kan kuɗin tikiti ba. Ta wannan fuska kamfanin da na bi ya yi ƙoƙari: jirgi tsaf, ma'aikatan ciki da fara'a, jakata ta fito lafiya lau. Ƙorafina yana kan abin da ya faru kafin mu hau.

Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari. Da tsakar rana ya kamata mu tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ba wanda ya ɗauki lasifika ya ce mana uffan. Wata dattijuwa a gefena, da takardun asibiti ƙunshe a leda, tana da ganin likita washegari da safe, ta juyo ta ce, "Ɗana, mi anka ce?" Na ce, "Hajiya, ba a ce komai ba." Ta sake ƙulle ledar, ta yi tagumi.

Hazo ba laifin kowa ba ne. In matuƙi ba ya ganin titin sauka, gara ya jira, ni ma haka nake so. Sannan jirgin da ke zuwa mana yawanci tun safe yake zagaye, duk lattin da ya kwaso a Legas ko Abuja a kanmu yake saukewa. Amma shirun nan ba hazo ne ya kawo shi ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da dokar kare fasinja, sashe na 19, wadda aka sabunta a 2023. Ta wajabta wa kamfani ya sanar da dalilin jinkiri. In jirgin cikin gida ya makara da awa 2, a ba fasinja abin sha da ɗan abin taɓawa da damar kiran waya. In ya wuce awa 3, yana da ikon karɓar kuɗinsa: nan take in tsaba ya biya, cikin kwana 14 in ta banki ne. In jira ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai shi suna wuyan kamfani. Yanayi na iya ɗauke wa kamfani biyan diyya, amma ruwan sha da bayani ai ba diyya ba ne.

Mu dai sai da wasu daga cikinmu suka je gaban kanta suka ambaci NCAA, sannan aka fito da ruwan gora da biskit.

Abin da ya fi damuna shi ne, mayar da kuɗi bai da wani amfani sosai ga mutumin Sakkwato. A Abuja ka karɓi kuɗinka ka sayi tikitin wani kamfani. A nan jiragen da ke tashi a rana ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba mai hankalin da zai kama hanyar Zamfara da yamma. Shi ya sa bayani da wuri ya fi mana komai. Da an faɗa mana gaskiya tun da hantsi, da Hajiya ta kira asibiti an ɗaga mata lokaci hankali kwance.

Jirgin ya sauka gab da magariba, muka isa Abuja da dare. Zan sake bin su, don zaɓin kaɗan ne, amma daga Disamba zuwa Fabrairu sai na bar tazarar kwana guda tsakanin tashi da abin da zai kai ni. Takardar shiga jirgi kuwa ina adana ta, domin ita jami'in kare fasinja na NCAA zai fara tambaya in ƙorafi ya taso.